Huɗu da Ɗigo Bakwai

Ƙarfe huɗu da rabi duhu ya riga ya rufe Sheffield.
Jirgin lantarki ya sauke ni a Hillsborough,
ruwa na bi ta wuyan rigata,
yatsuna na ƙaurin dalma da ƙonanniyar roba.

Yau na ƙona allon wani inji.
Harafi guda na tsallake a takarda,
ɗan k ɗin nan da ke bin bayan goma,
sai na dasa goma inda ake neman dubu goma.
Hayaƙi ya miƙe siriri kamar na turaren tsinke.
Misis Ogden ba ta yi faɗa ba,
ta buɗe taga, ta ce in je in sha shayi.
Da ma faɗan ta yi.

A gida na tarar da Hansatu kife a teburin kicin,
tana ta jera sifili kamar mai shanya gujiya.
Nisan rana daga nan, in ji malaminsu.
Ta ƙirga tara, ta sake ƙirgawa ta sami goma sha ɗaya,
ta jefar da fensir.

Na ce, ɗauko.
Ba a bin garke ɗaya bayan ɗaya da yatsa.
Ɗaga ɗigon, ki taka da shi hagu,
kina ƙirga sawu,
har ki bar lamba ɗaya tak a gabansa.
Sawun da kika yi, ɗora wa goma a kafaɗa.
Ta rubuta 1.5 × 10¹¹,
ta dubi abin, ta dube ni:
Shi ke nan? Ranar duka?
Na ce, duka, har da zafinta.

Sai na tuna Kaka Ɗantsoho,
wanda ban sani ba sai a bakin Gwaggo Tasalla.
Bafatake ne a zamanin wuri.
Shi ma bai tsaya lissafa farin wuri ɗai-ɗai ba
in ciniki ya kai na doki.
Ɗari sunansa zangu,
zambar ashirin a ɗinke cikin tabarma sunansa keso.
Keso uku, in ji shi, a tafa,
jaki ya ji nauyin, baki bai ji ba.

Mu a wurin aiki uku-uku muke tsallakawa:
kilo, mega, giga in za a hau,
mili, maikiro, nano in za a gangara rijiya.
Ko wane tsani dubu ne.
Wanda ya zame taki ɗaya, to, ya ga hayaƙi.

Hansatu ta ce, Rano fa? Mita nawa?
Muka duba a waya, muka ja ɗigo sawu shida:
4.7 × 10⁶.

Na sa hannu a aljihu neman makulli
sai na taɓo ɗan kapasita da ya biyo ni daga aiki,
bai kai ƙwayar wake ba.
A jikinsa an buga 4.7, da alamar maikiro.
Na rubuta mata shi a ƙarƙashin na Rano:
4.7 × 10⁻⁶.

Ta daɗe tana kallon layukan biyu.
Ai ɗaya ne, Umma.
Na ce, duba da kyau.
Ta kai farce kan ɗan karan da ke gaban shida,
gajere kamar tsagar goshi.

Shi kaɗai ya raba
hanyar da ban taka ba shekara tara
da abin da ke kwance a tafin hannuna.

Tukunya ta tafasa, na tashi.
Ta bayana ina jin fensir yana tafiya,
tana ƙirga sawu a hankali, da Hausa,
ɗaya, biyu, uku,
harshen na ɗan tuntuɓe a bakwai.